Yadda za ka haɗa ɗanka da masu harkar kifi a dogon hutu a Legas

Dogon hutun makaranta yakan fara ne a ƙarshen Yuli, a koma a Satumba. Idan ɗanka ko 'yarka da ke babbar sakandare na sha'awar harkar kifi, tun kafin a rufe makaranta ya kamata ka fara shiri.

Da farko ka zaunar da yaron ka ji ɓangaren da yake so. Akwai kamun kifi, akwai kiwo, akwai banda da sayarwa, akwai kuma bincike. Idan bai tantance ba, ku yi sammako ran Asabar zuwa kasuwar kifi ta Epe, ya ga yadda ake sauke kifi daga kwale-kwale ana ciniki.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake, ka nemo masa mutum ɗaya da zai riƙe shi. A ganina gonar tarwaɗa ta fi dacewa da mai koyo, kuma akwai su da yawa a Odogunyan da ke Ikorodu. Tambayi masu sayar da busasshen kifi a Mile 12 ko Agege, sun san masu gonakin. Ka je da ƙafarka, kada ka aika yaron shi kaɗai. Ka ce wa mai gonar, "Alhaji, ga ɗanka na kawo, a sa shi aiki." Ku yi magana a kan ranaku, kuɗin mota da abincin rana.

Makonnin nan sun isa ya ga abu mai yawa. Ƙwan tarwaɗa na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan cikin sati 4 zuwa 6 'ya'yan sun kai tsawon yatsa. Zai koyi ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. Zai kuma gane cewa idan kifi ya taru a saman ruwa ya ƙi cin abinci, ruwan ne ke neman canji. Saya masa littafi ya riƙa rubuta abincin da aka zuba da kifin da ya mutu kullum. Abinci ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo.

Kada ya hau kwale-kwale babu rigar kariya, ko da ya iya iyo. Damina ce.

Kafin hutu ya ƙare, ka kai shi Victoria Island, inda cibiyar binciken teku ta NIOMR take tun 1975, kusa da kwalejin tarayya ta kifi da fasahar teku mai ba da ND da HND. Ka rubuta takardar neman izini tukuna. Jami'ar jihar Legas, LASU, da ke Ojo ma na da sashen nazarin kifi. A can ya tambayi malamai darussan da ake nema a JAMB, don ya san inda zai ƙara ƙoƙari, musamman kimiyyar halittu da ta sinadarai.