Yadda Za Ku Gyara Taswirar Tafkuna da Wuraren Kare Dabbobin Ruwa a OpenStreetMap

Nijar ba ta da teku, amma tana da ruwayen da aka ware domin kariya. Tafkin Tabalak da na Dan Doutchi a jihar Tahoua sun shiga jerin Ramsar, wato jerin muhimman wuraren ruwa da dausayi na duniya, a 2005, gandun W tun 1987, kuma a 2017 aka keɓe wa dorina wuri a kogin Kwara, wajen Ayorou. Taswirar irin waɗannan wurare a OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da kowa ke iya gyarawa, 'yan sa-kai ne ke zana ta, kuma duk mai kwamfuta da intanet a Yamai ko Tahoua zai iya sa hannu.

Ku buɗe asusu a openstreetmap.org, kyauta ne. Editan iD, manhajar zana taswirar, yana buɗewa a shafin, ya ishi mai farawa: maɓallin 1 na ɗigo ne, 2 na layi, 3 na fili. Ɗayan editan, JOSM, sai hannu ya faɗa. A waya ku sa OsmAnd ko OSMTracker domin ɗaukar sawun GPS.

Kafin ku ja layi ko ɗaya, ku riƙe wannan: bakin ruwa daban, iyakar doka daban. Na farko ido na ganinsa a hoton tauraron ɗan Adam, na biyu a takarda yake. Yawancin ɓarnar da ake yi wa taswira daga haɗa su take fitowa.

Bakin ruwa ne aikin da ya fi cin lokaci, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kogi a Yamai yana cika sau biyu a shekara: jan ruwan damina a Agusta da Satumba, sai ruwan da ke gangarowa daga Gini, wanda ke kaiwa ƙololuwa tsakanin Disamba da Fabrairu. Zuwa Mayu ya janye, tsibiran yashi sun fito. Tafkunan Tahoua ma haka, inda masunta suka jefa taru a Oktoba, nan manoman rani ke shuka bayan ruwa ya ja baya. Saboda haka ku danna B a iD, jerin hotunan tauraron ɗan Adam zai buɗe, ku gwada hoton Bing da na Esri, domin sau da yawa ba a lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Wurin da ruwa ke zaune duk shekara ku zana shi, ku sa masa alamar natural=water, ku ƙara water=lake in tafki ne, water=river in faɗin kogi ne. Tafkin da ke ƙafewa da rani a ƙara masa intermittent=yes. Gefen da ruwa ke malalewa a kai ya koma fadama, fili ne na daban, natural=wetland, in kacalla ta cinye shi a sa wetland=reedbed. Ku yi hattara da kainuwa: daga sama kore shar take kamar ciyawar tudu, alhali ruwa ne a ƙarƙashinta. In shakka ta shiga, ku tambayi masunta, sun fi kowane hoto sanin inda ruwa ke kaiwa.

Hoton kansa yakan goce da 'yan mitoci. GPS ɗin waya ma yana kuskuren mita 5 zuwa 10, shi ya sa sawu ɗaya ba hujja ba ne. Ku bi hanya ɗaya a gefen tafki sau uku ko huɗu, ku loda fayilolin GPX da ke ɗauke da sawun, ku daidaita hoton da tsakiyarsu, sannan ku fara zane. Layi ɗaya ba ya wuce ɗigo 2,000; babban ruwa ko mai tsibiri a ciki da multipolygon ake yinsa, wato layuka da yawa da aka haɗa su zama fili ɗaya, kuma wannan ya fi sauƙi a JOSM.

Iyakar wurin kariya kuwa, ba a ƙiyasta ta. Ana sa mata boundary=protected_area da suna, da ramsar=yes in tana jerin Ramsar, amma layin sai ya fito daga dokar da ta kafa wurin, ko daga ma'aikatan gandun daji da izininsu a rubuce. Kada ku kwafa daga Google Maps ko Protected Planet, sharuɗɗansu ba su dace da lasisin ODbL na OpenStreetMap ba, kuma in aka gano, goge aikin za a yi. Kada kuma ku manna ɗigon iyaka da na bakin ruwa, don duk wanda ya zo gyara gaɓa gobe zai ja iyakar doka ba da saninsa ba. In babu takarda, ku ajiye bayani a wurin, ku wuce.

Suna: name shi ne wanda mutanen wurin ke kira, name:ha na Hausa, name:fr na Faransanci.

Wanda yake son taɓa teku daga nan, hanya a buɗe take. Gandun Banc d'Arguin na Muritaniya, wanda aka kafa a 1976, cike yake da filayen laka da teku ke rufewa ya buɗe kullum, alamarsu wetland=tidalflat. A Saloum na Senegal akwai kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wetland=mangrove. Amma layin natural=coastline sabon hannu ya bar shi: yana bin inda tudun ruwa ke kaiwa, tilas ƙasa ta kasance a hagunsa, kuma in ya yanke a wuri ɗaya, zanen tekun yankin zai iya lalacewa.

Akwai abin da muke roƙon kada ku sa ko kun sani: inda ayu ke fakewa, da inda tsuntsaye ke ƙwai. Taswirar ta kowa ce, har mafarauta. Haka nan yankin W da Ayorou suna fama da rashin tsaro, aikinsu daga kwamfuta za a yi, ba a zuwa ɗaukar GPS.

Ku riƙa adanawa kaɗan-kaɗan, tafki ɗaya a loda ɗaya, ku gyara gargaɗin da edita ya nuna kafin ku tura. A bayanin lodi ku rubuta abin da kuka canza da hoton da kuka bi, misali: "An gyara gaɓar arewa ta tafkin Tabalak, hoton Esri da sawun GPS na watan Maris." A makonnin farko ku latsa akwatin neman a duba aikinku, kuma ku nemi 'yan OpenStreetMap Nijar su leƙa.