Shirin jarabawar lasisin kairofraktik da yadda ake karanta alkaluman cin ta

Aikina gashin ƙashi ne a nan Kaduna, kuma a 'yan shekarun nan samari da iyayensu sun yawaita yi mini tambaya kan kairofraktik, wato sana'ar gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu, wadda D.D. Palmer ya faro a garin Davenport na Amurka a 1895. Yawancinsu kuɗin makaranta da biza kawai suke lissafawa. Ni kuwa jarabawar lasisi nake fara ajiye musu a gaba, domin takardar digiri ita kaɗai ba ta ba mutum izinin taɓa majinyaci.

Ka fara sanin ƙasar da za ka yi aiki, don kowace da ƙofarta. A Amurka hukumar NBCE da ke Greeley a jihar Kolorado ce ke shirya jarabawar, kashi huɗu. Na farko kan tushen ilimi ne: tsarin jiki, tsarin ƙashin baya, yadda sassan jiki ke aiki, sinadarai, cututtuka da ƙwayoyinsu. Na biyu ya shiga gano ciwo da hoton ƙashi da ƙa'idojin sana'ar. Na uku labarin majinyaci ake ba ka, a ce me za ka yi masa. Na huɗu a aikace ne, hannunka da bakinka ake dubawa. Bayan wannan kowace jiha tana da nata sharuɗɗan. Kanada tana da hukumarta, CCEB. A Ingila majalisar GCC ce ke rajista bisa dokar 1994. Wanda kuma yake da niyyar dawowa gida, ya tuntuɓi hukumar MRTB ta Najeriya, mai yi wa masu wannan sana'a rajista kamar yadda take yi mana mu masu gashin ƙashi, tun kafin ya biya ko sisi a wata makaranta.

To, ga inda iyaye suka fi ruɗewa. Makaranta za ta rubuta a shafinta cewa kashi kaza cikin ɗari na ɗalibanta sun ci, sai uba ya ji hankalinsa ya kwanta, ya sayar da filinsa na Rigasa. Baba, ka dakata ka tambaya: su wane ne aka ƙirga? Waɗanda suka ci a zaman farko ne, ko har da wanda ya faɗi ya maimaita? Kashi ɗaya na jarabawar ake nufi, ko duka huɗun? Hukumar CCE, mai tantance makarantun nan a Amurka, tana sa su wallafa adadin waɗanda suka haye duka kashi huɗun cikin wata 6 da kammala karatu, kuma tana son matsakaicin shekara 4 kada ya gaza kashi 80 cikin ɗari. Ka lura, waɗanda suka kammala ake ƙirgawa. Yaron da ya kasa ya bar makaranta a shekara ta biyu ba ya cikin lissafin, alhali kuɗin ubansa sun riga sun tafi. Don haka ka nemi adadin waɗanda suka shiga da na waɗanda suka fita da digiri, ka ajiye su kusa da juna.

Girman aji ma yana ruɗi. A ajin mutum 20, biyu suka faɗi an sauka zuwa kashi 90. A ajin mutum 200, biyun nan kashi 1 kacal za su rage. Shi ya sa shekara ɗaya ba ta isa hujja.

Makin jarabawar NBCE kansa kuma a kan sikeli yake, daga 125 zuwa 800, kuma 375 ne makin ci. Ba adadin tambayoyin da ka amsa daidai ba ne, an daidaita shi ne gwargwadon wahalar takardar da ta faɗo maka.

Kai ɗalibi, ka sauke jadawalin darussan da NBCE ke wallafawa, wanda ke nuna nauyin kowane fanni, ka manna shi a bango tun zangon farko. Ana zama kashi na farko tun ana tsakiyar karatu, ba ya jiran ka gama. Kada ka dogara da hadda. Mu da muka taso da allo muna da ƙarfin hadda, baiwa ce, amma kashi na uku fahimta yake nema. Idan ka karanta jijiyar da ke fita a ƙarƙashin ƙashin ƙugu na biyar, tashi ka kama ƙafar abokinka, ka ce ya ɗaga babban yatsa sama kana dannawa, ka ji ƙarfin da hannunka. Abin da yatsunka suka taɓa ba ya saurin gudu. Kullum ka amsa tambayoyin gwaji da agogo a gabanka, sannan ka fi ɓata lokaci a kan waɗanda ka kuskure, kana rubuta dalilin kuskuren a littafi guda.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne alamomin da ke cewa kada a taɓa. Mai ciwon baya da fitsari ya fara ƙwace masa, tsakanin cinyoyinsa ya mutu, asibiti za a garzaya da shi a ranar. Mai ramewa da gumin dare da ciwo a wuri ɗaya, ka yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, muna ganinsa a nan. Mai sikila da ke ɗingishi, a ɗauki hoton ƙugunsa tukuna. Mai sabon ciwon wuya da jiri da gani bibbiyu, ba a murɗa masa wuya. Masu jarabawa suna gwada wannan sosai, kuma suna da gaskiya, domin a nan ake ceton rai.

A kashi na huɗu harshe ne ke kayar da namu da dama, ba rashin sani ba. Ka samu abokin karatu ya zama majinyaci, ka yi masa tambayoyi da Turanci da babbar murya, ka nemi izini kafin ka taɓa shi, ka faɗi abin da kake yi yayin da kake yi. Ku sa lokaci, ku yi musanya, kowane mako.

Kuɗin kowane kashi, da na maimaitawa idan ta kama, da na tafiya cibiyar jarabawa, a sa su cikin lissafin gida tun farko, kuma da dala za a lissafa su.