Yadda ake sauya fad ɗin birkin gaba

In ka ji ƙara kamar ƙarfe na gogar ƙarfe duk sanda ka taka birki, ko kaurin fad, wato abin da ke matse faifan birki don mota ta tsaya, bai kai milimita 3 ba, lokaci ya yi. Sayi na ɓangare biyu. Ba a sauya gefe ɗaya.

Faka mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Kada ka amince wa jak shi kaɗai, tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar.

Kwance notuna biyu da ke bayan kalifa, wato ƙarfen da ya rufe fad ɗin yake matse su, a yawancin Toyota sifana mai lamba 14 ce. Ɗaga kalifar ka rataye ta da waya. Kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki, nan ne masu gaggawa suke jawo wa kansu aiki.

Zare tsofaffin fad, ka shafa dis, wato faifan birkin, da yatsa. In ya yi zurfin zane, sabon fad ba zai daɗe ba.

Buɗe murfin man birki, ka mayar da fistin, wato abin da ke tura fad a jikin kalifa, ciki a hankali, kana duba kada man ya zuba. Sa sabbin fad, giris kada ya taɓa fuskarsu. Mayar da kalifa da taya, ɗaure notunan taya a gicciye.

Kafin ka motsa, yi ta taka birki har ya yi tauri. Takun farko ƙasa zai tafi fanko.