Kurakuran da ke sa waya ta ce babu wuri idan za a sauke manhaja

Kuskure na farko shi ne yarda da girman da Play Store ke nunawa. Wannan girman abin da za a sauke ne kawai, a dunƙule. Sai waya ta warware shi ta girka, kuma a lokacin tana buƙatar wurin da zai ɗauki dunƙulen da abin da aka warware gaba ɗaya. Shi ya sa manhaja mai MB 80 kan ƙi shiga alhali akwai MB 200 a sarari. Sabunta manhaja ma haka yake. Ka riƙa barin GB 1 zuwa 2 babu komai. Ka kuma tuna wayar da aka rubuta wa GB 32 ba ta taɓa ba ka 32 cif, tsarin wayar ya riga ya ci nasa kason.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen gogewa. A Android, cikin saitin kowace manhaja akwai maɓalli biyu kusa da juna: na goge kash da na goge bayanai. Kash tarkace ne na wucin gadi, hotuna da bidiyon da manhaja ta adana don ta buɗe da sauri, goge shi ba ya ɓata komai. Na biyun kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta: zai fitar da kai daga asusunka, idan kuma WhatsApp ne babu ajiya a Google Drive, hirarraki na iya tafiya. Facebook, TikTok da Chrome suna cikin masu yawan tara kash, da su za ka fara.

WhatsApp kansa babban mai cin wuri ne, saboda bidiyon guruf-guruf da ke sauka da kansu. Kashe saukewar kai-tsaye, sannan ka shiga sashen sarrafa ma'ajiya. Zai ware maka fayilolin da suka haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa.

Wasu sukan goge hotuna ɗari, su ga wuri bai ƙaru ba. Suna nan cikin kwandon shara, a yawancin wayoyi har kwana 30. Sai an zazzage shi. Leƙa jakar abubuwan da aka sauke ma, fayilolin APK (waɗanda ake girka manhaja da su) na manhajojin da aka riga aka girka ba su da sauran amfani.

Katin memori ba ya ƙara wa ma'ajiyar cikin waya girma. Tun Android 6.0 na 2015 akwai hanyar haɗe su, amma kamfanoni da dama, har da Samsung, sun rufe ta. Mayar da hotuna, bidiyo da waƙoƙi kan katin, ka bar wa manhajoji cikin waya.

Manhajojin da ke tallar share waya kuwa, a ganina ɓata wuri ne, talla ta fi aikinsu yawa. Files na Google ya wadatar. Manhajar da ba ka amfani da ita kullum, koma ƙaramin nau'inta irin Facebook Lite. A iPhone ana iya cire manhaja daga waya a bar bayananta, idan ka maido ta komai na nan.