Kurakuran da ke cin sabon mai buɗe shafi a Blogger da WordPress

Wanda ya buɗe shafi a Blogger ko WordPress.com ɗan haya ne. Gidan na Google ne ko na kamfanin Automattic, dokokin zama nasu ne, kuma suna iya sauya su ba tare da sun nemi shawararka ba. Mafi yawan kurakuran da ke cutar da sabon shiga a ranar farko ake yin su, tun kafin a wallafa ko layi ɗaya, kuma su suka fi wuyar gyara. Da su za mu fara.

Da imel ɗin wa aka buɗe shafin?

Mutum yakan kai wayarsa wurin wani yaro mai shagon kwamfuta ya ce a buɗe masa shafi, yaron kuma ya buɗe da nasa Gmail ɗin don ya fi masa sauri. A Blogger, asusun Google da ke da ikon gudanarwa shi ne mai shafi, ba wanda ya yi rubutun ba. Ranar da kuka ɓata, ko ya bar gari, shafin ya tafi da shi. Idan an riga an yi wannan kuskuren, gyaransa ba wuya matuƙar mutumin yana raye kuma kuna shiri. Ya shiga "Settings", ya gangara sashen "Permissions", ya gayyaci imel ɗinka a matsayin marubuci. Ka amsa gayyatar, ya ɗaga ka zuwa "Admin", sannan kai da hannunka ka cire shi.

Bayan haka ka duba lambar wayar da ke maƙale da asusun. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sake sayar da shi, kuma lambar tabbatarwa ta Google wurin sabon mai layin za ta riƙa zuwa. Ka sa layin da kake amfani da shi kullum, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka karɓi lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, kowace mai alƙaluma 8. Rubuta su a takarda. Hoton allo da ka ajiye a cikin wayar ba zai amfane ka ba ranar da aka sace wayar.

Akwai kuma rikicin WordPress biyu. WordPress.org manhaja ce ta kyauta da aka fitar a 2003, wadda kake ɗorawa a kan masauki, wato wurin ajiye shafi a intanet, da ka biya kuɗinsa. WordPress.com kuwa kamfani ne da ke ba ka masaukin a shirye. A tsarinsa na kyauta ba za ka iya ɗora ƙarin manhajojin da ake kira fulogin ba, kuma tallar da ke fitowa a shafinka ta kamfanin ce, ba taka ba. Mutane da dama kan kalli bidiyon koyarwa na ɗayan su je suna neman maɓallan a ɗayan, su wuni suna zaton wayarsu ce ta lalace.

Adireshi

Sunan da za ka zaɓa kafin blogspot.com ko wordpress.com, gwada shi da baki. Ka faɗa wa wani a waya, ka ce ya rubuta. Idan sai da ya tambaye ka "da lamba ko da harafi?" ko "akwai ɗan layi a tsakani?", sunan bai yi ba. Ana iya sauya shi daga baya, amma duk mahaɗin da ka riga ka watsa a WhatsApp da Facebook zai mutu.

Kowane rubutu ma yana da nasa adireshin, kuma nan ne masu rubutu da Hausa ke faɗawa ramin da masu Turanci ba su san da shi ba. Dandalin yana ƙera adireshin ne daga kanun rubutu. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin haruffan da adireshin intanet ke ɗauka kai tsaye, don haka idan ƙ ta shiga adireshi, a wurin kwafewa sai ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ɓ ta koma %C9%93. Kanu irin "Yadda ake haɗa ƙosai" sai ya fito da mahaɗi mai kama da na 'yan damfara, mutane su ji tsoron taɓawa. Blogger kuma yana yanke dogon kanu a tsakiya, adireshin ya ƙare a rabin magana.

Maganin shi ne ka rubuta adireshin da hannunka kafin ka wallafa. A Blogger, a gefen dama na wurin rubutu akwai "Permalink", ka zaɓi na kanka. A WordPress ana kiran wurin "Slug". Kalmomi uku zuwa biyar, ƙananan baƙaƙe, ɗan layi a tsakaninsu, k da d da b marasa lanƙwasa: yadda-ake-hada-kosai. Kanun da mai karatu zai gani kuwa ka bar shi da ƙ da ɗ ɗinsa. A Blogger, bayan an wallafa ba a taɓa adireshi sai an mayar da rubutun zuwa daftari, kuma idan ka sauya shi tsohon mahaɗin zai riƙa nuna kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba, har sai ka haɗa tsohon da sabon a "Custom redirects".

Tunda maganar haruffa ake, kada ka jefar da su a cikin rubutun don kasala. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka baƙi da baki. Gboard, manhajar madannin waya ta Google, yana da madannin Hausa. Ka ƙara shi a cikin harsuna, haruffan za su samu. Amma ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. Idan salon da ka zaɓa bai da ɗ, burauza za ta aro ta daga wani salon, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo a tsakiyar kalma, wani lokacin ma ɗan akwati ya fito a madadinsa. Ka rubuta "Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" a shafin gwaji, ka duba a wayoyi biyu daban-daban. Noto Sans da Andika suna da haruffan duka. Sannan ka tsaya a kan tsari guda: ko 'y irin na Najeriya, ko ƴ irin na Nijar, ba wannan a sama wancan a ƙasa ba.

Hotuna

Mai karanta ka a waya yake, kuma datar da yake ƙonawa da kuɗinsa ya saya. Hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5, faɗinsa ya kai fikisel 4000. Wurin rubutu a shafi da wuya ya wuce fikisel 800. Idan jigon shafinka, wato tsarin kamanninsa, yana ɗauko hoton da cikakken girmansa, hotuna 8 a rubutu ɗaya za su iya haura megabait 30, kuma mutumin da ke ƙauye da sabis sanda biyu zai rufe shafin kafin na biyu ya buɗe. Kafin ka ɗora, rage faɗin zuwa fikisel 1200, ka matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 200. Squoosh da TinyPNG suna matse hoto kyauta a cikin burauza, ido kuma ba zai ga bambanci ba. Hoton mutane da wurare ka ajiye shi a JPEG ko WebP. PNG ka bar shi don tambari da hoton allo.

Sauya sunan fayil ɗin daga IMG_2047 zuwa abin da ke ciki, ka cike gurbin "Alt text" da gajeren bayani. Shi manhajar da makafi ke amfani da ita take karantawa, shi kuma Google ke dubawa ya gane hoton. Wani abin da ba a cika faɗa ba: idan alamar wuri a kunne take a kyamararka, hoton yana iya ɗauke da daidai inda aka ɗauke shi. Wanda ke ɗaukar hoton kayan sayarwa a tsakar gidansa ya kashe ta.

Hoton da ka gani a binciken Google ba naka ba ne. Blogger na ƙarƙashin dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta sa idan mai hoto ko mai rubutu ya kai ƙorafi Google ke sauke rubutun, kuma ƙorafi bayan ƙorafi yana iya jawo a rufe shafin gaba ɗaya. Pexels da Unsplash suna ba da hotuna kyauta. Na Wikimedia Commons kuwa kowane da sharaɗinsa a ƙasansa, mafi yawa suna neman ka ambaci mai hoton da lasisin. Haka abin yake ga kwafo labarin jarida ko littafin wani ka liƙa. Rubuta "an ciro daga" a ƙarshe ba izini ba ne. Ko ba a kai ƙara ba, Google ya riga ya san asalin, shi zai nuna, ba kai ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Liƙa rubutu da ƙawata shafi

Rubutun da aka kwafo daga Word ko daga wani shafi yana tahowa da ɓoyayyun umarni na launi da girma. Shi ya sa za ka ga sakin layi ɗaya fari a bayansa, wani kuma ya tsallake gefen allo. A kwamfuta ka liƙa da Ctrl da Shift da V tare, ya sauka tsurarsa. Wanda aka kwafo daga WhatsApp kuma ka share taurarin da aka sa don kaurara kalma, domin a shafi taurari za su fito. Ƙananan kanu ka yi su da maɓallin kanu na dandalin, ba ka ƙara wa layi girma da hannu ba. Sakin layi kada ya wuce layi biyar ko shida a allon waya.

Jigon shafi kuwa, ƙyale na kyalkyali da ake rabawa a gurup-gurup a ce "na kuɗi ne aka fasa". Irin waɗannan sukan zo da ɓoyayyun mahaɗai, wasu har su karkatar da mai karatunka zuwa shafin caca ko na batsa da sunanka a sama. Blogger na da nasa, Contempo da Soho da Emporio da Notable, kuma duk suna daidaita kansu da allon waya. Agogo mai juyawa, ƙira'a ko waƙa mai tashi da kanta, rubutu mai gudu: duk nauyi ne. Kafin ka taɓa lambobin jigo, sauke kwafinsa daga "Theme", sannan "Backup".

A WordPress ka share rubutun "Hello world!" da ke zuwa da sabon shafi, ka sauya sunan rukunin "Uncategorized". Ka gyara agogon shafin zuwa GMT+1 idan a Najeriya ko Nijar kake, in ba haka ba rubutun da ka tsara ya fita da asuba sai ya fita a wani lokaci daban. Laƙabobi kuma, wato "Labels" ko "Tags" da ake rarraba rubutu da su, biyu ko uku sun ishi rubutu, kuma ka riƙa maimaita waɗanda ka riga ka ƙirƙira. "Girki", "girke-girke" da "Girke girke" laƙabi uku ne a wurin na'ura.

"Na yi wata biyu Google bai nuna ni ba"

Fara da duba ko kai ka rufe ƙofar. A Blogger akwai "Visible to search engines" a ƙarƙashin "Privacy". A WordPress.com sabon shafi yana zaune a matsayin "Coming Soon" har sai ka ƙaddamar da shi, kai kana ganinsa don ka shiga da asusunka, sauran duniya ba ta gani. Buɗe shafin a wayar wani ka tabbatar. Daga nan ka yi rajista a Google Search Console, inda masu shafi ke sanar da Google shafinsu, ka miƙa sitemap.xml, wato jerin adireshin rubuce-rubucenka. Kada ka kwafi umarnin robots.txt, fayil ɗin da ke gaya wa Google inda zai shiga a shafinka, daga wani wuri ka liƙa ba ka fahimce shi ba. Layi ɗaya mai cewa "Disallow: /" ya isa ya kori Google daga shafin duka. Kanu ya kasance abin da mutum zai rubuta idan yana nema, kuma muhimman kalmomin su zo da farko, domin Google yana yanke kanun da ya haura haruffa 60 ko makamancin haka. "Abin mamaki ba ya ƙarewa" ba wanda ke bincika shi. "Yadda ake sabunta fasfo a Kano" akwai.

Sai batun kuɗi, wanda shi ke kawo rabin mutane. AdSense, tsarin Google na biyan mai shafi kuɗin talla, na buƙatar ka kai shekara 18, yana aiko da lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya idan kuɗinka ya kai dala 10, kuma ba ya biya sai ya kai dala 100. Yana da jerin harsunan da yake karɓa: Turanci, Larabci da Faransanci na ciki, Hausa kuwa ba ta cikin jerin da aka sani, don haka mai shafin Hausa zalla ya karanta jerin kafin ya gina lissafinsa a kai. Wanda aka amince masa kuma kada ya danna tallarsa da kansa, kada ya shiga gurup ɗin "danna mini in danna maka". Google na gane wannan, kuma hukuncinsa rufe asusun ne tare da riƙe abin da ke ciki.

Ajiyar kwafi

Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 da miliyoyin shafukan mutane a ciki. Squidoo, wanda aka gina musamman don kowa ya ƙirƙiri shafinsa, ya koma hannun HubPages a 2014 aka rufe shi. Google da kansa ya rufe Google+ a 2019. Saboda haka sau ɗaya a wata ka sauke kwafin rubutunka: a Blogger ta "Back up content" a cikin "Settings", a WordPress ta "Tools" sannan "Export". Fayil ɗin da WordPress ke fitarwa rubutu da sharhi ne da adireshin hotuna, ba hotunan kansu ba, don haka asalin hotunanka ka ajiye su daban a memori ko filashi. Kada ka ajiye kwafin a Google Drive na asusun da ke riƙe da shafin kaɗai. Idan aka rufe asusun, tare za su tafi.

Idan ka sayi sunan yanki naka, wato adireshi na kanka mai ƙarewa da .com ko .com.ng ko .ne, haya ce ta shekara-shekara. Yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ba na wanda ya taya ka ba, ka sa tunatarwa a waya wata guda kafin wa'adin ya cika, ka kuma tabbatar katin bankin da za a cire kuɗin sabuntawa bai ƙare aiki ba.