Yadda mai ƙaramin lambu zai sayar da kayansa da kansa a Kumasi

Yawancin masu lambu a kewayen Kumasi, irin su na Gyinyase, suna sayar da latas da kabeji tun suna kan kunya ga mata 'yan sari, kuma su matan ne ke yanka farashi. Wanda yake son ya kai kayansa hannun mai ci da kansa, kada ya fara da neman wuri a babbar kasuwar Kejetia, domin kusan kowane irin kaya yana da ƙungiyarsa da sarauniyarsa, baƙo kuwa ba ya shimfiɗa buhu sai da yardarsu.

Ka fara da masu abincin sayarwa na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba. Mai wake da shinkafa tana buƙatar latas da kabeji kowace safiya, mai tuwo kuma ba ta rabuwa da ayoyo da kuɓewa. Ka je musu tun saura mako biyu kayan su isa cira, bayan cinikin safe ya lafa, ka gaisa da Hajiya yadda ya kamata, ka bar mata ɗan ɗauri ta gwada a tukunyarta. Mutum huɗu ko biyar sun ishe ka a farko, saboda saɓa alkawarin kawowa sau ɗaya ya isa ya mayar da ita wurin wadda take saya a da.

Inda sababbi suke faɗuwa shi ne bashi. Mai abinci za ta ce maka, "Ajiye, ɗana, in na tashi kasuwa ka zo ka karɓa," kai kuma kunya ta hana ka magana, har kuɗin kawowa uku su taru, sannan a fara gardama a kan yawan ɗaurin da aka karɓa ranar Litinin. Tun kafin ka sauke kayan farko, ku daidaita a kan abu uku: girman ɗauri ko ma'auni, farashi, da ranar biya. Idan barkono ne, ku tsaya a kan gwangwanin awo guda, wanda ake kira olonka, kuma a faɗa ko cike da tozo ne ko a shafe. Ka rubuta komai a littafi a gabanta, kuma kada ka kawo na biyu alhali kuɗin na farko ba su fito ba. A ganina biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya fi, domin saƙon yana zama shaida, ko da yake cire kuɗin yana cin wani abu.

Wajen sa farashi, ka haɗa da kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ganyen da zai yanƙwane a hanya, in ba haka ba ribar da ka ƙwace daga 'yan sari za ta ƙare a mai. Ka ciri ganye da asuba, ka wanke da ruwa mai tsabta, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ya rage kafin azahar ka karya farashinsa a unguwa, kada ya kwana.