Yadda Za Ka Fassara Kalmar "Timbuktu" Idan Ka Ci Karo Da Ita A Turanci

Idan kana fassara rubutun Turanci ka tarar an ce "from here to Timbuktu", kada ka yi gaggawar rubuta sunan garin, domin sau da yawa ba birnin nan na arewacin Mali ake nufi ba, ana nufin wuri mai nisan gaske wanda da ƙyar ake kaiwa.

Ka fara da duba abin da ke kewaye da kalmar. Idan ana maganar Kogin Neja, ko fataucin gishiri, ko rubuce-rubucen malamai irin su Ahmad Baba, to garin ne da kansa, sai ka bar sunan yadda yake. Idan kuwa wata uwa ce a Landan ke ƙorafin cewa an tura ɗanta aiki can Timbuktu, alhali bai bar Ingila ba, to zuguguwa ce kawai.

Sanin asalin wannan ma'ana zai taimaka maka ƙwarai. Labarin zinariyar da sarkin daular Mali Mansa Musa ya rabar a hanyarsa ta aikin hajji a 1324 ya isa Turai, sannan bayanin da matafiyi Hasan al-Wazzan (wanda Turawa ke kira Leo Africanus) ya yi kan arzikin garin, wanda aka buga a 1550, ya ƙara kwaɗaitar da Turawa, amma hamada ta tsare musu hanya shekaru aru-aru. Baturen Birtaniya Gordon Laing ya isa a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan fitowarsa. Bafaranshe René Caillié ya shiga a 1828 da shigar Musulmi, ya koma Faransa da labarin gidajen laka maimakon na zinariya. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Kano da Sakkwato, ya isa a 1853. Wannan wahalar isa ce ta mayar da sunan alamar nisa a bakin Turawa, ko da yake a wurin fatake da almajiran ilmi na Afirka ta Yamma gari ne sananne da ake zuwa ana dawowa.

Saboda haka fassarar kalma da kalma ba za ta isar da saƙon ga mai karatun Hausa ba. Ni dai na fi son "daga nan har birnin Sin", domin ita ce ke ɗauke da irin wannan zuguguwa a bakinmu. Idan jimlar ta nuna jifa da mutum wuri mai wuyar zuwa, "bangon duniya" ya fi dacewa. A tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta "Timbuctoo", kuma kalma ɗaya ce.